Yaƙin Yukren: Littafin da aka tono a gindin bishiya



Yau nisa za mu yi da gida. Za mu je ƙasar da yawancinmu ba mu san ta ba sai ta bidiyon tankoki da jirage marasa matuƙa da ake turo mana a WhatsApp. Na san da ka ga sunan Yukren a saman rubutun nan wataƙila ka ce a ranka, mu da muke fama da namu, ina ruwanmu da faɗan Turawa? Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, in ka gama sai ka yanke hukunci.

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na darasin rubuta labarai ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya nemo labari ɗaya daga yaƙin Rasha da Yukren wanda babu tanka a ciki, babu Putin, babu Zelensky. Muka yi ta gunaguni, domin a majalisarmu ta bakin ɗakin kwana yaƙin nan kamar wasan ƙwallo muke kallonsa. Wasu suna bayan Rasha saboda haushin Amurka, wasu suna ɗaya ɓangaren, a yi ta musu har mai shayi ya kwashe kayansa. Ni ma ina cikin masu ɗaga murya. A wajen neman abin da zan kai wa malam ne na ci karo da labarin wani littafi da aka tono daga ƙasa, kuma tun daga ranar bakina ya ɗan mutu a majalisa.

Ga yadda abin ya faru. A wani ƙauye da ake kira Kapitolivka, kusa da garin Izium a gabashin Yukren, akwai wani marubuci mai suna Volodymyr Vakulenko. Littattafan yara yake rubutawa, da waƙoƙi. Da sojojin Rasha suka mamaye yankin a watan Maris na 2022 bai gudu ba, ya zauna da tsohon mahaifinsa da ɗansa mai buƙata ta musamman. Kullum sai ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya gani a ranar: shigowar sojoji, ƙarewar abinci, halin da maƙwabta suke ciki. An san shi da kishin ƙasarsa, sojojin sun taɓa kama shi suka sake shi, saboda haka ya san za su dawo. Sai ya naɗe takardun a leda ya binne su a gindin wata bishiyar ceri da ke lambun gidansu, ya gaya wa mahaifinsa cewa duk ranar da sojojin ƙasarsu suka dawo a miƙa musu. Ranar 24 ga Maris aka zo aka tafi da shi. Daga nan ba a sake ganinsa da rai ba.

A watan Satumba na shekarar dakarun Yukren suka ƙwato yankin. A dajin da ke gefen Izium aka gano kaburbura sama da 440, galibinsu babu suna sai lamba. Gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa gawar da ke kabari mai lamba 319 ta Vakulenko ce, da harsasai biyu a jikinsa. Yana da shekara 49.

A cikin wannan watan na Satumba wata marubuciya mai suna Victoria Amelina ta isa ƙauyen. Ita da ma ƙagaggun labarai take rubutawa, amma da yaƙi ya ɓarke ta ajiye su ta shiga wata ƙungiya mai suna Truth Hounds, masu bi gari-gari suna tattara shaidar laifukan yaƙi daga bakin waɗanda abin ya shafa. Ita da tsohon nan suka shiga lambu suka yi ta tono har ta ci karo da ledar. Ta ɗauki hoton kowane shafi, ta kai asalin takardun gidan adana tarihin adabi na Kharkiv. A watan Yuni na 2023 aka buga su a matsayin littafi, ita ta rubuta gabatarwa, aka ƙaddamar da shi a babban baje kolin littattafai na birnin Kyiv.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 27 ga Yuni, tana zaune a wani gidan cin abinci a garin Kramatorsk tare da wasu baƙi 'yan Kolombiya da ta raka su ganin abin da ke faruwa, makami mai linzami na Rasha ya faɗa kan ginin. Mutum 13 suka mutu, ciki har da wasu tagwaye 'yan mata masu shekara 14. Rasha ta ce sojoji ta hara. Amelina ta cika ranar 1 ga Yuli tana da shekara 37. Ta bar wani littafi da ba ta gama ba, a kan matan da suke tattara shaidar yaƙin. Ƙawayenta da mijinta suka haɗa abin da ta bari, har da wuraren da jimla ta tsaya a tsakiya, aka buga shi a 2025, ya kuma ci kyautar Orwell ta rubutun siyasa a Ingila.

Mai karatu, ka dubi wannan sarƙar da kyau. Wani ya rubuta, an kashe shi. Wata ta tono abin da ya rubuta, ita ma an kashe ta. Wasu suka ɗauki nata suka ƙarasa. Matsayina a wannan fili yau shi ne: duk ɓangaren da kake goyon baya a siyasar duniya, bai kamata ka iya kallon wannan ka wuce ba. Kuma waɗannan mutane masu rubutawa da ɓoyewa da tonowa da bugawa, aikin tsaron ƙasa suke yi kamar yadda soja yake yi a bakin daga.

Me ya haɗa soja da marubucin yara?

Tambayar da ta fara zo mini ke nan. Amsarta sai an yi waiwaye, wanda Bahaushe ya ce adon tafiya ne. Rigimar Rasha da Yukren ba a kan iyaka da tashar jiragen ruwa kawai take ba. A ƙarƙashinta akwai tsohuwar gardama: shin akwai wata al'umma mai zaman kanta da ake kira mutanen Yukren, mai harshenta da adabinta, ko kuwa wani reshe ne na Rashawa da ya ɓata hanya? A watan Yuli na 2021, wata bakwai kafin mamayar ranar 24 ga Fabrairun 2022, Shugaba Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce. To in hujjar yaƙinka ita ce babu wasu mutane, duk littafin da aka rubuta da harshensu ya zama mai ƙaryata ka.

Ba yau aka fara ba. A 1863 ministan cikin gida na daular Rasha, Valuev, ya fitar da takardar umarni da ta hana buga littattafan makaranta da na addini da harshen Yukren, takardar ma tana iƙirarin cewa babu wani harshe mai wannan suna. A 1876 Sarki Alexander na Biyu ya ƙara da dokar da ake kira ta Ems, wadda ta hana buga kusan komai da harshen, da shigo da littattafansa daga waje, har da wasan kwaikwayo.

Babban mawaƙinsu, Taras Shevchenko, an haife shi a 1814 a matsayin bawan gona, mallakin wani mai ƙasa. Da wasu masu zane a birnin Saint Petersburg suka ga baiwarsa, sai suka sa wani zane a caca suka tara rubul 2,500 suka fanshe shi a 1838. Bayan shekara biyu ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Kobzar. A 1847 aka kama shi, aka tura shi aikin soja na dole a can ƙuryar daular har shekara goma, Sarki Nicholas na Ɗaya da kansa ya ƙara da cewa kada a bar shi ya yi rubutu ko zane. Ka san abin da ya yi? Ƙananan littattafai ya ɗinka yana rubutu a ɓoye yana cusa su cikin takalminsa na soja. Tsakanin takalmin Shevchenko da ledar Vakulenko akwai shekara sama da 170, amma dabarar ɗaya ce.

Zamanin Tarayyar Sobiyet ya fi muni. A shekarun 1920 an ɗan saki mara, adabin Yukren ya bunƙasa, har aka gina wa marubuta wani dogon bene a Kharkiv mai suna Slovo, wato Kalma. Da Stalin ya juya musu baya sai benen ya zama tarko: kowane dare ana jin takun jami'an tsaro a matakala, ana sauraron ƙofar wa za a ƙwanƙwasa. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Mykola Khvylovy, ya harbe kansa a 1933. Ranar 3 ga Nuwamba 1937, a dajin Sandarmokh da ke arewacin Rasha, aka harbe gungun marubuta da masana na Yukren a yini ɗaya, ciki har da shahararren mai shirya wasan kwaikwayo Les Kurbas da marubuci Mykola Kulish. Har a 1985 mawaƙi Vasyl Stus a sansanin fursunoni ya mutu. Amelina ta san wannan tarihin sarai. Tun a makonnin farko na mamayar ta rubuta cewa tsoronta shi ne a sake yi wa tsararta abin da aka yi wa waccan. Benen Slovo kansa ya samu rauni a luguden wuta na Maris 2022.

Abin da talakawa suka yi

Wannan tarihin ne ya sa ba su jira umarnin gwamnati ba. A kwanakin farko na yaƙin wuta ta kama ƙaramin gidan tarihi na garin Ivankiv, arewa da Kyiv, inda ake ajiye zane-zanen Maria Prymachenko. Ita wannan 'yar ƙauye ce da shan-inna ta taɓa tun tana ƙarama, ba ta yi wani dogon karatu ba, amma dabbobin mafarki masu launi da take zanawa sun zagaya duniya. Wasu mazauna garin suka kutsa cikin ginin yana ci suka fito da wasu daga cikin zanen. A Kharkiv da Odesa mutane suka yi layi suna miƙa wa juna buhunan yashi har suka lulluɓe mutum-mutumin da ke dandalin garuruwansu. Na san mutum-mutumi ba abinmu ba ne, amma ka ɗauka ƙofar Gidan Makama ce ko tarin littattafan kakanka na ajami, za ka gane abin da ya fito da su cikin sanyi.

A intanet ma an yi irin wannan. Masu aikin sa kai sama da dubu daga ƙasashe daban-daban, ciki har da ma'aikatan ɗakunan karatu, suka haɗu a wani shiri mai suna SUCHO suna kwafe shafukan gidajen tarihi da ɗakunan karatu na Yukren, don ko da bam ya ci na'urar da take riƙe da su, kwafi yana wani wuri.

Kharkiv fa tazararta da iyakar Rasha kusan kamar daga Kano zuwa Wudil ce, makami yakan iso kafin jiniya ta gama kuka. Duk da haka a Maris na 2022 makaɗa suka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suka yi wa iyalan da ke kwana a wurin kiɗa. Daga baya aka buɗe azuzuwan makaranta a cikin tashoshin. Mawaƙin birnin, Serhiy Zhadan, wanda Jamus ta ba kyautar zaman lafiya ta masu harkar littattafai a 2022, ya yi ta jigilar kayan agaji yana karanta waƙa a maɓoya, a 2024 kuma ya sa kakin soja. Ƙungiyar mawaƙa ta Kalush Orchestra da ta ci gasar Eurovision a Mayun 2022 ta yi gwanjon kofin a kan dala 900,000 ta ba sojoji kuɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kasuwar littafi. A tsakiyar yaƙi, da ɗauke wuta da komai, sababbin shagunan littattafai suka riƙa buɗewa a Kyiv. Matasan da suka tashi da Rashanci a gida suka koma neman littattafan marubutan da aka harbe a 1937, waɗanda iyayensu ba su taɓa jin sunansu a makaranta ba. A ƙarshen 2024 gwamnati ta fara bai wa duk wanda ya cika shekara 18 kuɗin ƙasar, hryvnia 908, wato dala ashirin da 'yan kai, wanda ba ya sayen komai sai littafi da harshen Yukren. Ƙasar da take roƙon harsashi a duniya ce fa take ware wannan.

Kada kalmar juriya ta ruɗe mu

A nan sai na ja birki, domin mu ɗaliban aikin jarida muna son labari mai daɗin ƙarshe. Mu ce an yi musu kaza amma sun jure, a tafa, a wuce. Wallahi akwai rashin adalci a cikin wannan.

Ranar 16 ga Maris 2022 aka jefa bam kan gidan wasan kwaikwayo na Mariupol, inda ɗaruruwan fararen hula suka fake. A gaba da bayan ginin an rubuta kalmar "yara" da Rashanci, da manyan baƙaƙe yadda matuƙin jirgi zai gani. Binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙiyasta mutum kusan 600 ne suka mutu. Rasha ta musanta cewa ita ce. A Mayun wannan shekarar makami ya ƙone gidan tarihin masanin falsafa Hryhorii Skovoroda, a shekarar da ake shirin bikin cikarsa shekara 300 da haihuwa. Kafin sojojin Rasha su janye daga Kherson a Nuwamba, an loda kayan gidan zane-zanen birnin sama da 10,000 a manyan motoci aka nufi Kirimiya da su. Ranar 23 ga Mayu 2024 makamai suka faɗa kan maɗaba'ar Faktor Druk a Kharkiv, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar. Ma'aikata bakwai suka mutu a bakin injinansu, littattafai kusan 50,000 suka ƙone, da yawansu na yara ne. Bayan mako ɗaya aka jera ƙonannun littattafan a baje kolin Kyiv mutane suna wucewa suna kallo. Zuwa ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta tabbatar da lalacewar wuraren tarihi da al'adu sama da 400.

Maɗaba'a ana iya sake gina ta. Amma Maksym Kryvtsov, mawaƙin da ya fitar da kundinsa na farko a 2023 aka kashe shi a bakin daga a Janairun 2024 yana da shekara 33, kundinsa na biyu babu mai rubuta shi har abada. Mstyslav Chernov, ɗan jaridar da shi da abokan aikinsa suka zauna a Mariupol bayan sauran 'yan jaridun ƙasashen waje sun fice, suka fito da hotunansu a ɓoye ta shingayen bincike 15, fim ɗinsa mai suna 20 Days in Mariupol ya samo wa ƙasarsa kyautar Oscar ta farko a 2024. Da ya hau mumbari sai ya ce da ma bai taɓa yin fim ɗin ba, da a ce zai iya musanya kyautar da rayukan mutanen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan su da kansu ba sa kallon abin a matsayin nasara mai daɗi, mu ma kada mu mayar da shi haka.

Na san abin da za ka ce

Abokaina na majalisa sun riga sun faɗa mini, don haka bari na kawo maganarsu yadda take.

Na farko, sun ce waɗannan mutanen ne fa suka ture ɗalibanmu daga jiragen ƙasa a kan iyakar Poland lokacin da kowa ke gudu. Gaskiya ne an yi, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar Allah-wadai a ƙarshen Fabrairun 2022, kuma ɗaliban Najeriya da aka kwaso a watan Maris sun ba da labari da bakinsu. Ba na wanke kowa. Amma laifin ɗan sandan kan iyaka ba ya halatta jinin marubucin yara a wani ƙauye mai nisan ɗaruruwan kilomita daga wurin.

Na biyu, sun ce ina Gaza? Turawa sun cika duniya da kukan gidajen tarihin Yukren, amma da aka kashe malamin jami'a kuma mawaƙi Refaat Alareer a harin Isra'ila a Disamban 2023, aka rusa jami'o'in Gaza, su nawa ne suka yi magana? An wawushe babban gidan tarihin Sudan a Khartoum, wa ya damu? Wannan ƙorafin yana kan hanya, ni ma ina da shi. Sai dai maganin son kai na wasu shi ne mu ƙi yin irinsa. Idan kisan Alareer ya ƙona maka rai, dalilin da ya sa ya ƙona maka shi ne dai dalilin da zai sa na Amelina ya taɓa ka. An ga tutar Rasha a titunan Kano a zanga-zangar Agustan 2024, a watan ne kuma Nijar ta yanke hulɗa da Yukren. Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa a kan NATO da Amurka da Faransa, kuma mu da aka yi wa mulkin mallaka muna da dalilan yin fushi. To amma mu ɗin nan da aka taɓa ce wa harshenmu bai isa a yi ilimi da shi ba, ai mu ya kamata mu fi kowa saurin gane mutanen da daula ta ce harshensu ma babu shi.

Na uku shi ne mafi nauyi. Sun ce su ma mutanen Yukren ai suna yaƙar al'adar wasu. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. An sauke mutum-mutumin mawaƙin Rasha Pushkin a garuruwa da dama. Majalisar ƙasar ta yi dokar hana shigo da littattafai daga Rasha. Wata 'yar majalisa ta bayyana cewa zuwa Nuwamban 2022 an cire littattafai kimanin miliyan 19 daga ɗakunan karatu, miliyan 11 daga ciki na Rashanci. Ana ta muhawara a kan gidan tarihin marubuci Bulgakov, haifaffen Kyiv da ya yi rubutu da Rashanci. Ina fahimtar zafin da ya kawo haka, wanda aka jefa wa bam da sunan kare wani harshe ba zai so jin harshen ba. Duk da haka ra'ayina shi ne ɗakin karatun da aka rage masa kaya ya yi asara, ko da wane dalili. Miliyoyin 'yan ƙasar da Rashanci suka tashi, kuma ɗaya daga cikin marubutansu da duniya ta fi sani, Andrey Kurkov, da Rashanci yake rubuta ƙagaggun labaransa alhali yana kan gaba wajen kare ƙasarsa. Wata rana yaƙi zai ƙare, kuma za su buƙaci waɗannan mutanen da littattafansu. Sai dai kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Cire littafi daga kanta bisa dokar da ake iya sukarta a jarida a kuma soke ta gobe daban, zuwa gidan marubuci a tafi da shi a dawo da lamba 319 daban.

Abin da ya rage mana

Duniya ta daɗe da amincewa cewa lalata kayan tarihi a yaƙi laifi ne, tun yarjejeniyar Hague ta 1954. Hukunci na farko da kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta yanke a kan irin wannan ma a nan maƙwabtanmu aka yi laifin: a 2016 ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara saboda rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu. Amma ba kotu ce ta ceci littattafan Timbuktu ba. Iyalai ne da matasa suka zuba su a akwatunan ƙarfe suka bi da su ta mota da kwalekwale zuwa Bamako, kamar dai yadda mutanen Ivankiv suka shiga wuta. Doka takan zo daga baya, in ma ta zo. Wanda yake wurin a ranar shi ne yake ceto ko ya bari.

Shi ya sa nake roƙonka abu biyu, kai da ke karanta wannan a waya. Na farko, in aka turo maka bidiyon bam yana sauka a wani gari, na Yukren ne ko na Rasha ko na ko'ina, kafin ka tura gaba da alamar dariya, ka tuna akwai mutane a ƙarƙashin hayaƙin. Na biyu, ka yi abin da Vakulenko ya yi. Ba wani babban marubucin duniya ba ne, biro da takarda kawai yake da su, sai lura da kwanan wata. A Borno da Zamfara da Katsina akwai ƙauyukan da aka tasa, mutanensu suna zaune a gefen garuruwanmu, wasu ma 'yan'uwanmu ne na jini. Wa yake rubuta sunan ƙauyen, da ranar da aka tashe su, da sunan limaminsu, da waƙar da matansu suke yi a daka? Wayar da kake musun Putin da ita tana ɗaukar murya. Ka zauna da tsohuwar nan, da izininta, ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da na kai wa malam na samu maki mai kyau, amma ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata jimla inda na ce Vakulenko ya yi nasara a kan waɗanda suka kashe shi. A gefe ya rubuta mini tambaya ɗaya: ka tambayi ɗansa? Na goge jimlar. Abin da zan iya cewa kawai shi ne takardun suna nan a Kharkiv, kowa yana iya karanta su, kuma da bai binne ba, da ita ba ta tona ba, da yau babu su.

Ina jiran ra'ayinka, musamman in ba ka yarda da ni ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo ƙarshen zubar da jini a duk inda ake yinsa.